Na Bi Bayan Aikin Alamin

Assalamu alaikum. Na san a wannan dandali 'yan mata ne suka fi rubutu, kowacce da kukanta a kan uba ko saurayi. Ni uban ne. Sunana Ɗayyabu, shekarata sittin da huɗu, gidana a unguwar Ridina. A kashin da ya wuce na tsaya a ranar da aka sa wa 'yata Hamdiyya rana da Alamin. Wanda bai karanta ba, ga shi a taƙaice.

Hamdiyya ita kaɗai ce mace a 'ya'yana. Uwarta ta rasu tana 'yar shekara tara, yayata Goggo Zahra ta riƙe ta. Yanzu tana aiki a wani kantin magani a Dembé. Alamin mai gyaran lantarki ne a kamfanin da nake aiki, yana zaune a Goudji da mahaifiyarsa Hajiya Rahma. Sun ga juna, sun so juna, ban hana ba. Saura mako shida biki abin da zan faɗa muku ya faru.

Sai kun san aikin kafin ku san laifin.

Kamfaninmu yana bayan gari. Muna narka tsohon ƙarfe mu yi rodin gini. Tanderun na lantarki ne, yana da injinan wutarsa, ba ya jiran ta gari. Sanduna uku ne na baƙin gawayi, kowacce ta kai kaurin cinyar ƙato, muna ce musu elektrod. Su ke sauka cikin tukunya, wuta ta yi tsalle daga bakinsu zuwa ƙarfe ta narkar da shi. Kowace sanda tana da hannun ƙarfe mai riƙe ta, hannun kuma yana zaune a kan ginshiƙi. Wutar da ke bin hannun ba a so ta taɓa ginshiƙin. Don haka ake shimfiɗa farantin mika a tsakaninsu, wani abu ne kamar katako mai ƙyalli, wuta ba ta bin sa. Bulon ɗin da ke haɗa su, wato ƙusa mai noti, shi ma sai an sa masa rigar mika da zobe sama da ƙasa. In mika ta tsage, ƙurar ƙarfe ta shiga tsagar, wuta ta sami hanya. Shi ke nan.

Shekara goma sha tara na yi a gindin irin wannan tanderu a Duwala, tara a nan. A Duwala na ga bulon ya saki, ya yi ja, hannun sanda ya faɗo a kan abokin aikina Falalu. Ni na ja shi waje. Tun daga ranar, duk bulon da wani ya ɗaure sai na bi bayansa. Ina da bututun ƙarfe, tsawon kamu biyu, ina zura shi a mariƙin kile, abin ɗaure noti, in ja har sai ƙarfe ya yi kuka. Kowa ya san bututuna. Ba wanda ke taɓa shi.

Ranar Alhamis aka kashe tanderu don a canza mika. Alamin aka ba aikin. Ya zo da wani kile mai lamba a jiki, in ya kai inda aka saita shi sai ya yi ƙyat, ya tsaya.

Ku sani, tun da aka sa rana yaron nan bai ƙara kallon idona ba. In na shigo rumfa yana shan shayi, ajiye kofin yake yi. Ya daina cin abinci a tire ɗaya da ni. A gida Baba yake ce mini, a wurin aiki Shef, wato oga, amma kunyar ɗaya ce.

Na tsaya a kansa yana ɗaurewa. Kile ya yi ƙyat, ya wuce na gaba.

Na ce, "Ka gama da wannan ke nan?"

"Eh, Shef."

"Matar gida ma ta fi haka ɗaure murfin kwalba."

Ma'aikata suka yi dariya. Shi bai yi ba. Yana kallon takalminsa ya ce, "Shef, a takardar masu mikar nan an rubuta iyakar ƙarfin da take ɗauka. Wai wannan sabuwar ba ta kai ta dā jure matsi ba."

"Takarda ta taɓa narka ƙarfe?"

"A'a, Shef."

"To."

Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Da wani ne ba ni ba, na san zai ce masa kada ka taɓa. Amma yaya zai ce wa uban yarinyar da zai aura kada ka taɓa? Ya ƙarasa bulon goma sha biyu, huɗu a kowane hannu. Ya ɗauko fenti ruwan ɗorawa ya ja layi a kan kowane noti har zuwa jikin ƙarfe. Ya kawo na'urarsa ya gwada, allura ta nuna wuta ba ta da hanya. Ya sa hannu a takardar aiki.

Da aka kira azahar na nemi bututuna, babu. Na duba inda nake jingine shi, babu. A bayan gangunan mai na same shi, an rufe shi da buhu. Yaro ya ɓoye mini bututu kamar yadda ake ɓoye wa jariri wuƙa.

Zan faɗi gaskiya. Ba Falalu na tuna a lokacin ba. Raina ne ya ɓaci.

Bayan salla kowa ya zauna cin kisra, irin wainar nan mai faɗi, a rumfa. Na hau sama ni kaɗai. Na bi bulon ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowanne na ƙara masa. A hannun tsakiya, a bulon na uku, na ji ƙas. Ƙaramar ƙara, kamar an taka busasshen ƙashin kifi. Na tsaya. Na san ƙarar tsatsa, na san wannan ba ita ba ce. Na ce wa kaina tsatsa ce. Na ƙarasa sauran na sauko na ci abincina.

Da yamma na koma gida na tarar tsakar gida kamar kasuwa. Goggo ta baje laffaya a kan tabarma, kala bakwai ko takwas, ƙamshin humra da turaren wuta ya cika ko'ina. Hamdiyya na zaune a gefe, hannuwanta duk dilka, waya a cinyarta tana latsawa da ɗan yatsa ɗaya.

Goggo ta ce, "Ɗayyabu, zo ka zaɓa. Shuɗiya ko ruwan zuma?"

"Ni zan ɗaura?"

"Allah ya kiyaye. Wa zai kalle ka? Fuska kamar gindin tukunya. Yau ma ka tsorata yaron mutane?"

"Ya yi aikinsa."

"Ji shi. Ya yi aikinsa. Hamdiyya, wannan a bakin ubanki kirari ne, ki rubuta wa angon."

Hamdiyya ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Na shige ɗaki.

Ranar Asabar da hantsi, a narki na biyu, wuta ta sami hanyarta. Ina can wajen bakin tukunya na ga haske fari ya tashi daga gindin hannun tsakiya, da ƙara kamar an harba bindiga a ɗaki. Wutar lantarki ta yanke da kanta, amma ta riga ta huda tiyon man da ke ɗaga ginshiƙi. Mai ya feso, ya kama. Mutum huɗu na tsaye a ƙasan wajen. Alamin ne ya ruga ya cusa hannu ya rufe famfon man. Safar hannunsa ta narke ta manne da fata. Hannun dama.

Ba wanda ya mutu. Aka kai shi asibiti a motar kamfani.

Ranar Lahadi Direktan kamfani ya ce a warware hannuwan uku a sake sabuwar mika. Wa zai jagoranci aikin? Ni. Bulon ɗin tsakiya sun narke, babu abin gani. Amma takwas na gefe suna nan, kuma layin fentin kowanne ya goce daga inda Alamin ya ja shi. Ba wanda ya lura. Na kwance su da hannuna, na zuba a kwandon tsohon ƙarfe. Sun shiga tukunya. Yanzu suna cikin rodin ginin wani.

Litinin na je asibiti. Na sa farar jallabiya da hula, na sayi lemo da ayaba. Hajiya Rahma na zaune a kan tabarma gefen gado da carbi, idonta ya kumbura. Hannun Alamin a naɗe har gwiwa, an ɗora a kan matashi. Da ya gan ni sai ya fara ƙoƙarin saukowa daga gado ya durƙusa.

"Kwanta."

"Baba, sannu da zuwa."

"Na ce kwanta."

Mahaifiyarsa ta gaishe ni, ta yi godiya, ta fita ɗebo ruwa. Muka rage mu biyu. Yana kallon bango, ina kallon ƙasa.

Ya ce, "Baba, na ga layin."

Na ajiye lemo da ayabar a gefen gado. Ya ci gaba.

"Da safen Asabar, kafin a kunna. Na ga duk sun goce. Na sake gwadawa, allura ta nuna lafiya, don mikar ba ta yi zafi ba tukuna. Ya kamata in tsayar da tanderu in buɗe. Amma in na tsayar Direkta zai ce me ya sa. In na ce an taɓa, zai ce wa."

"Sai ka ce ni."

"Ba zan iya ba, Baba."

"Wauta ka yi."

"Eh, Baba. Jiya sun aiko mutum. Na ce ni na ɗaure, ni na gwada, ni na sa hannu. Na dangwala da hagu. Don Allah a bar shi a haka. In Umma ta ji, ba za ta yarda da auren ba. Ni kaɗai gare ta. Aiki ana samun wani."

Hajiya Rahma ta dawo da buta. Ta ce, "Malam Ɗayyabu, ka sa masa albarka. Kullum maganarka yake yi, wai kai ne tanderun."

Na ɗora hannuna a kansa. Ban san me na karanta ba.

Talata takardar kora ta fito. An rubuta sakaci. A garin nan masu irin aikinmu ba su da yawa, kowa ya san kowa. Mai lantarkin da aka kora da wannan kalma, ko gyaran fanka ba za a kira shi ba.

Labari ya riga ni isa gida. Goggo ta naɗe laffayoyin ta tura cikin akwati. Ta same ni ina alwala.

"Ɗayyabu, ba na ce a fasa ba. Amma a ɗaga. Ba aiki, ba hannu, da me zai riƙe ta? Kuma yaron da zai yi sakaci da wuta, mutum huɗu a ƙasa. Ni da ma na ce karatun takarda ba ya kai gogewa. Da kai ka ɗaure abin nan da ba haka ba."

Ruwan butar ya ƙare ban wanke ƙafa ba.

Hamdiyya ba ta taɓa yi mini maganar Alamin baki da baki ba, komai ta Goggo yake biyowa. Ranar ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa. Baƙin hijabi ne a jikinta, dilkar hannunta ta fara dusashewa. Ta miƙo mini waya.

"Baba, ka duba."

Karatuna a hankali yake. Na bi da yatsa.

"Hamdi da hagu nake rubutu kiyi hakuri da kuskure. Likita yace yatsu uku sai anga yadda Allah yayi. Kada kiyi kuka a kanti mutane na gani. Ki gaida Baba kice ya ci abinci."

A ƙasa ita ta rubuta, "Ko yatsa ɗaya ya rage ni na yarda."

Shi kuma, "Goggo fa?"

Ba ta ba shi amsa ba.

Ta ce, "Baba, Direkta yana jin maganarka. Ka je ka roƙa masa. Alamin ba ya sakaci. Ko maganin sauro zai kunna sai ya karanta kwalin. Ni na san wani abu ne ya faru. Ka je, Baba. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba.

Laraba da safe na shiga ofishin Direkta ban zauna ba. Da Larabci muka yi magana. Na faɗa masa duka: bututu, azahar, ƙarar da na ji. Na ce laifina ne, a kore ni, a mayar da yaro.

Ya cire tabarau ya dube ni. Sai ya yi murmushi.

"Abba Ɗayyabu, zauna mana."

"A tsaye zan faɗa."

"Shekara tara kana nan, ko ƙusa ba ta taɓa faɗuwa a hannunka ba. Kuma duk kamfanin nan an san 'yarka zai aura. Wallahi ka burge ni. Ba kowane suruki zai yi haka ba."

"Ba alfarma nake nema ba. Gaskiya nake faɗa."

"To ina shaida? Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

"Bulon ɗin fa?"

"Sun shiga tukunya."

"Ka gani." Ya jawo takarda ya buga da yatsa. "Ga sa hannunsa ranar Alhamis. Ga dangwalensa ranar Lahadi, da bakinsa ya ce shi ne. An riga an aika wa masu kamfani. Halas, an gama. In na kore ka yau wa zai tayar mini da tanderu gobe? Je ka huta, Abba. Na ba ka yinin yau."

Ya raka ni har ƙofa yana dafa kafaɗata. Tun da nake ban taɓa faɗin magana an ƙi yarda ba. Ranar da na faɗi wadda ta fi kowacce gaskiya, ita aka mayar mini da murmushi.

Na hau klando, wato acaɓa, na koma Ridina. Bayan la'asar aka yi sallama. Alhaji Mijinyawa ne, ƙanin mahaifin Alamin, wanda ya zo neman auren tun farko. Babbar riga ruwan toka, sanda a hannu. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure. Goggo ta kawo shayi ta koma bayan labule, inda na san Hamdiyya ma tana tsaye.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Sannan ya gyara zama.

"Malam Ɗayyabu, kunya ce ta kawo ni. Yaronmu ya zubar maka da mutunci a inda ake ganin girmanka. Ka ba shi 'ya, ya saka maka da wannan. Rahma ta ce in zo in ba ka haƙuri, ita ba ta da fuskar da za ta kalle ka. In kun ce a ɗaga rana, mun yarda. In ma kun ce a fasa, ba za mu ga laifinku ba. Sai dai muna roƙo, yaro ne, a yafe masa."

Ya sunkuyar da kai. Dattijo mai furfura, a zaurena, yana ba ni haƙuri.

Na tuna roƙon Alamin. Na san abin da zai biyo baya. Na yi ƙoƙarin riƙe bakina, wallahi na yi.

Na ce, "Alhaji, ɗago kanka. Yaronku bai yi sakaci ba. Ya ɗaure daidai. Ni na bi bayansa na ƙara ƙarfi har mika ta fashe. Na ji ta fashe na yi shiru. Ya gani, ya rufa mini asiri don kunya. Na faɗa wa Direkta yau, bai yarda ba."

Bayan labule wani abu ya faɗi, ina jin tire ne.

Alhaji Mijinyawa ya ɗago ya dube ni. Shi bai yi murmushi ba. Shi ya yarda nan take.

"Ka ji ta fashe."

"Na ji."

"Ranar Alhamis."

"Eh."

"Ka kwana biyu da shi a cikinka, ka bar yaro ya kunna."

"Eh."

Ya jawo sandarsa ya miƙe. Shayin ko taɓa shi bai yi ba.

"Ban zo da wannan ba, kuma ba zan iya komawa da shi a ɓoye ba. Rahma tana asibiti yanzu. Ɗa ɗaya gare ta, Malam Ɗayyabu. Kwana huɗu tana zagin tarbiyyar da ta yi masa. Zan faɗa mata. Abin da ta yanke a kan auren nan, ni ba zan sa baki ba."

Ya sa takalmi ya fita. Bai ce sai an jima ba.

Goggo ta yaye labule. Na zaci za ta yi ihu. Ta dube ni kawai, ta ce a hankali, "Ɗayyabu, me yaron nan ya yi maka?"

"Ba komai."

"To me 'yarka ta yi maka?"

Na shiga naɗe dardumar da Alhaji ya tashi a kai.

Hamdiyya ta fito. Ba ta kuka. Ta yafa laffaya ruwan zuma a kan hijabin, jaka a kafaɗa, waya a hannu tana ta haske, sunan Alamin a kai, ba ta ɗauka ba. Ta zo gabana ta durƙusa kamar kullum. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Baba, ka ba ni izini in je asibiti. Ina so Hajiya ta ji ina wurin."

Goggo ta ce, "Ke! Ki kai kanki gaban matar da aka ƙona wa ɗa? A yau?"

"In ban je yau ba, Goggo, gobe ba za a bar ni in shiga ba."

Ta ci gaba da durƙuso tana jira. Ni da na yi wannan ɓarna, har yanzu izinina take jira.

Na ce, "Miƙo mini takalmina."

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da ta fito. Ta miƙo. Muka fita tare har bakin kwalta, ina gaba tana baya. Da taksi ya tsaya ta riƙe ƙofar ba ta shiga ba.

"Baba, in ta kore mu fa?"

"Ni za ta kora. Ke ki tsaya a bayana."